"Za ka saba": shekara 21 ina koyarwa, ban saba da ƙara ba



Akwai wata magana da na daɗe ina jin nauyin faɗa, saboda a wurinmu magidanci ba ya fitowa ya ce ƙara tana damunsa. In ya faɗa dariya za a yi masa, ko a ce boko ne ya yi masa yawa. To amma abin ya kai ni gaban likita, kuma ya kusa ɓata tsakanina da 'ya'yana, shi ya sa na ga gara in rubuta, ko wani zai ga kansa a cikin labarin.

Wata ranar Talata ce a ƙarshen watan Afrilun 2024, zafi yana kan ganiyarsa a nan Agiye. Na taso daga makaranta da rana tsaka, kaina kamar zai rabe biyu. Ina shiga gida na tarar da ƙaramar ɗiyata, wadda ba ta cika shekara 4 ba a lokacin, ta samu gwangwanin madara da cokali tana kiɗa tana rawa, murnar dawowata take yi. Ban san lokacin da na daka mata tsawa ba, na fizge gwangwanin na yi jifa da shi bayan katanga. Yarinyar ko kuka ba ta yi ba. Ta tsaya tana kallona, sannan ta je ta ɓuya bayan uwarta. Daga ranar, in ta ji babur ɗina ya tsaya a ƙofar gida, ɗaki take shigewa.

Da dare uwargida ta ce da ni: "Malam, ka lura yaran ga sun bar tarbarka? Kana yin sallama kowa sai ya kama kansa, kamar gidan makoki."

Na so in musa, amma gaskiya ta faɗa. Ni da nake yini ina tarbiyyar 'ya'yan mutane, nawa sun koma tsorona. Abin da ya fi ci mini rai kuma, na san yarinyar ba ta da laifi. Kiɗanta ya zo ne ya tarar da tulu a cike.

Bari in zayyana muku yadda yinina yake a wancan lokaci. Gidan da nake haya ba shi da nisa da babbar hanyar ƙasa mai lamba 1, wadda ta taso daga Yamai ta ratsa Maraɗi da garinmu, ta wuce Tasawa da Damagaram. Tun kafin kiran sallar asuba manyan motoci ke wucewa, kuma direba in ya shigo gari, maimakon ya rage gudu sai ya danne hon. A jikin katangarmu akwai injin niƙa, wanda ake tayarwa da zarar an sallame sallar asuba don mata su samu garin fura da na tuwo da wuri. A makaranta ina da yara sama da 80 a aji mai rufin kwano babu silin, kuma daf da tagarmu akwai ajin zana inda 'yan CI ke maimaita karatu da murya ɗaya. Zana kuwa ko tari ba ta tarewa. Tun watan Agustan 2023 da aka yanke wutar da ke zuwa mana daga Katsina ta layin Gazawa, masu sayar da ruwan sanyi da masu cajin waya suka koma janareto, kuma ko da wutar ta dawo a watan Maris na 2024, janaretocin suna nan, ana tayar da su duk sanda aka ɗauke. Da dare kuma, bayan ƙaramar salla lokacin bukukuwa ne, ana kafa lasifika a tsakiyar unguwa har ƙarfe biyu ko uku. A watan Afrilu babu mai iya kwana a ɗaki, kowa a tsakar gida yake shimfiɗa, don haka babu bango tsakaninka da kiɗan.

Na san mai karatu zai ce, to ai kowa haka yake zaune, me ya sa kai kaɗai? Wannan ita ce tambayar da ta dame ni shekara da shekaru. Ni da uwargida tsakar gida ɗaya muke kwana, kiɗa ɗaya muke ji, ita tana ta barcinta, ni ina ƙirga waƙoƙi. Abokin aikina na ajin kusa da nawa yana iya gyaran littattafan yara a tsakiyar hayaniyar lokacin hutu, yana ma raha. Ni kuwa in yara biyu suna raɗa a bayan aji, sai lissafin da nake yi a allo ya kuɓuce mini.

Tun ina makarantar horar da malamai a Maraɗi nake haka. In abokai suka kunna rediyo a ɗakin kwana, sai in ɗauki littafina in koma gindin bishiya, har suka riƙa ce mini mai kunnen zomo. Shekarar da aka ba ni ajina na farko a wani ƙauye, na koka wa daraktanmu, wani dattijo mai kirki. Ya yi murmushi ya ce: "Ɗana, za ka saba. Kowa da haka ya fara." Yau shekara 21 ke nan, ban saba ba. Abin ma ƙaruwa ya riƙa yi.

Babu sunan da ba a ba wannan hali nawa ba. Wasu sun ce tsirfa ce, wasu sun ce girman kai, gwaggota ta ce iska ce, har ta aiko mini da turaren hayaƙi. Ni kaina na yarda cewa ƙarancin haƙuri ne, na riƙa ganin laifin kaina. In na yi wa yaro tsawa a aji, sai in kwana ina nadama, gari ya waye in sake.

Kwana kaɗan bayan maganar gwangwani, ina tsakiyar darasi sai na ji zuciyata tana bugawa kamar ganga, ƙeyata ta ɗaure, ina gani dishi-dishi. Na bar wa wani abokin aiki ajin na tafi asibiti. Majo ya ɗaura mini abin awo ya ce 17 bisa 10. Ya sa na zauna na huta, ya sake aunawa, bai sauka sosai ba. Ya ce in dawo wasu ranakun, kuma duk zuwan da na yi awon yana sama da 14 bisa 9, wato 140 bisa 90, wanda daga nan ne ake cewa mutum yana da hawan jini. Ya tambaye ni gishiri, da goro, da shayi, da ko akwai mai ciwon a danginmu. Sannan ya ce: "Mushe, awa nawa kake barci?" Na lissafa na ce huɗu, wani lokaci biyar. Ya ce me ke hana ni. Na yi jim, kunya ta kama ni, sannan na ce: "Ƙara." Na jira ya yi dariya. Bai yi ba, sai ya sunkuya ya rubuta a takardata. Ranar ce ta farko da na ga wani ya ɗauki maganar a matsayin abin da ya shafi lafiya.

Ba zan ce ƙara ce kaɗai ta sa mini hawan jini ba. Mahaifina da shi ya rasu, ni kuma mai son gishiri ne, ga shayi sau uku bayan isha'i. Amma rubutun da majo ya yi shi ya sa na fara neman bayani a intanet, da faransanci da ɗan turancin da nake tsinta, kuma abin da na samu ya sauya yadda nake kallon kaina.

Da farko akwai ƙarar kanta, wadda ake aunawa da ma'aunin desibel. Hirar mutum biyu tana kaiwa wajen 60. Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojin da ta fitar a 1999, ta ce don barci ya yi daɗi kada ƙarar cikin ɗakin kwana ta wuce 30, a cikin aji kuma ƙarar da ke shigowa kada ta wuce 35 lokacin darasi. Wanda ke yin awa 8 kullum cikin ƙarar da ta kai 85, jinsa yana cikin haɗari. Akwai hanya mai sauƙi ta ganewa ba tare da na'ura ba: in sai ka ɗaga murya kafin mutumin da ke tsaye tsawon hannu daga gare ka ya ji abin da ka ce, to wurin ya kai wannan mataki ko ya kusa. Ku gwada a rumfar injin niƙa ku gani.

Yadda ƙara ke taɓa jiki kuwa, ido yana da murfi amma kunne ba shi da shi. Ko mutum yana barci kunnensa yana aiki. In babbar mota ta wuce, bugun zuciya yakan ƙaru, jijiyoyin jini su tsuke, jiki ya saki sinadaran da yake saki lokacin tsoro, irin su adiranalin da kotizol, ko da mutumin bai farka ba. In wannan ya zama kullum dare, shekara bayan shekara, zuciya da jijiyoyi ba sa samun hutun da ya kamata. A 2011 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a yammacin Turai kaɗai, ƙarar ababen hawa tana cin aƙalla shekaru miliyan ɗaya na rayuwa cikin ƙoshin lafiya a kowace shekara, kuma kaso mafi girma daga rashin barci ne.

Wannan ya shafi kowa, har da masu cewa ba ta damunsu. Amma masana sun ware wani abu daban, wato rashin jure ƙara, wanda hali ne da wasu mutane ke da shi fiye da wasu. Abokaina da suka ce ina da kunnen zomo sun yi kuskure, don in aka gwada jin irinmu, ba mu fi sauran mutane kaifin ji ba. Bambancin yana wajen yadda ƙwaƙwalwa ke tace abin da kunne ya kawo mata. Ta wani tana watsar da ƙarar da ba ta da amfani, ta wani kuma tana riƙe kowace ƙara kamar gargaɗin haɗari.

Binciken da ya fi taɓa ni shi ne na wani masani a Amurka mai suna Neil Weinstein, wanda ya fito a 1978. Ya yi wa sababbin ɗaliban jami'a tambayoyi kan yadda suke jure ƙara kafin su shiga ɗakunan kwanan makaranta, sannan ya bi su cikin shekarar. Waɗanda tun farko ba sa jurewa, damuwarsu da hayaniyar ɗakunan ƙaruwa ta yi yayin da shekara ke tafiya, sauran kuwa ba su sauya ba. Da na karanta wannan sai na tuna da daraktana na farko, Allah ya jiƙansa. Da zuciya ɗaya ya ce mini za ka saba, kuma ga mutane da yawa gaskiya ne. Ga irinmu ne maganar ba ta aiki.

A ƙasar Finlan kuma an yi nazari kan tagwaye, aka buga a 2005, aka gano cewa wajen kashi 36 cikin 100 na bambancin da ke tsakanin mutane a wannan hali daga gado yake. Nan na tuna mahaifina. Duk ranar da ake biki a unguwa, sai ya ɗauki buta da tabarma ya tafi bukkar gona, mu kuwa muna cewa ba ya son mutane. Masu binciken na Finlan sun kuma samu, a 2007, cewa mata masu wannan hali sun fi mutuwa ta ciwon zuciya da jijiyoyin jini. Wani binciken da Stephen Stansfeld da abokin aikinsa suka buga a 2015 kan ma'aikatan gwamnati a Landan bai samu wannan alaƙa da mutuwa ba, amma ya samu cewa masu rashin jure ƙara sun fi faɗawa cikin ciwon damuwa da ƙuncin rai daga baya. Tun a 1992 shi Stansfeld ya nuna cewa masu ciwon damuwa in suka samu sauƙi, rashin jure ƙararsu yakan ragu, ko da bai tafi gaba ɗaya ba.

Abin da na fahimta daga nan shi ne abin yana tafiya ta fuska biyu. Ƙara tana hana barci, rashin barci yana kawo saurin fushi da ƙunci, ƙuncin kuma yana sa ƙarar gobe ta fi ta yau zafi. Na duba kaina na ga haka ne. Watannin da albashi ya yi jinkiri, ko damina ta yi gardama ina tunanin abin da za a ci, su ne watannin da ko motsin cokali a kwano ke hasala ni. Ashe rashin jure ƙara yakan zama alamar cewa kaya sun yi wa mutum nauyi tun kafin shi kansa ya gane.

Ruwa ba ya tsami banza. Akwai kuma waɗanda ba a haife su da halin ba, wani abu ne ya same su. An dawo mana da wani malami daga wani ƙauye na yankin Gidan Rumji, kusa da iyaka. Kowa ya san abin da mutanen wannan yanki ke gani tun 2019, da hare-haren 'yan bindiga da dubban 'yan gudun hijirar da suka ƙetaro daga Sakkwato da Zamfara da Katsina. Wannan bawan Allah in babura uku suka wuce tare a bayan makaranta, sai alli ya faɗi daga hannunsa, gumi ya karyo masa. Ya gaya mini da can shi ne mai kunna rediyo har ƙarshe, amma tun daren da aka shiga ƙauyen da ke kusa da nasu a kan babura, ƙarar babur ta zama masa wani abu daban. Wannan firgici ne da ya zauna a jiki, yana da magani, kuma mai shi yana buƙatar wanda zai saurare shi da likitan da ya san lafiyar ƙwaƙwalwa. Tsokanarsa da cewa matsoraci ne ƙara masa ciwo ne. Mu tuna kuma akwai iyaye da yara da yawa daga wannan yanki da suka shigo garuruwanmu da irin wannan kaya.

Mahaifiyata kuma nata daban ne. Jinta ya ragu da tsufa, in ka yi magana a hankali ba ta ji, amma in jika ya matso ya yi mata ihu sai ta dafe kunne ta ce zai fasa mata kai. Yara suna cewa tana ji sarai, zaɓe take yi. Ba haka ba ne. Kunnen da ya fara lalacewa yakan rasa ƙaramar murya, babbar kuma ta zo masa da zafi. Mai ciwon ɓarin kai shi ma in ciwon ya tashi ba ya jure ƙara ko haske. Wanda ya bugu a kai, misali a haɗarin babur, yakan yi makonni ƙara tana damunsa. Kinin da ake ba mu na zazzaɓin cizon sauro yakan sa ƙugin kunne na ɗan lokaci, sanƙarau kuma da muka sani a ƙasar nan yakan bar mutum da raunin ji. Don haka in abin ya zo wa mutum farat ɗaya, ko da ciwon kunne, ko ruwa na fita, ko ƙugi, ko a kunne ɗaya, to a je asibiti, kada a ɗiga mai ko a cusa tsinke.

Yanzu bari in faɗi abin da na yi, da wanda ya yiwu da wanda bai yiwu ba. Na fara da kaina. Ina shan maganin hawan jini kullum kamar yadda aka rubuta mini, na rage gishiri, na mayar da shayina zuwa bayan la'asar. Na sayo toshin kunne na soso a kantin magani a Maraɗi, amma da dare kawai nake sa shi, don na karanta cewa yini da kunne a toshe yana ƙara wa mutum rashin jurewa.

Sai maganar injin niƙa. Na yi shekaru ina jin haushin mai shi ba tare da na taɓa yi masa magana ba. Wata rana bayan la'asar na same shi a ƙofar gidansa, muka gaisa, na ce: "Alhaji, wata alfarma na zo nema." Na gaya masa abin da likita ya ce. Ya yi shiru, sannan ya ce: "Mushe, injin ga shi ne abincin gidana. In ban tada shi da asuba ba, mata wani wuri za su kai niƙansu." Gaskiyarsa ne, kuma ban zo don in hana shi neman abinci ba. Muka je muka duba tare, ashe salansar injin ta daɗe da fashewa, kuma bakinta katangarmu yake kallo. Muka raba kuɗin gyara, aka juya ta wajen fili, aka sa tsofaffin tayoyi a ƙarƙashin injin, ya kuma yarda ba za a tayar da shi tsakanin azahar da la'asar ba. Ƙarar ba ta tafi ba, amma ta ragu yadda nake iya ƙailula.

A rumfar nan na ga abin da ya sa na ji kunyar kaina. Yaron da ke tuƙa injin tsohon ɗalibina ne. Na yi masa magana sau biyu, sai ya karkato kai ya ce: "Mi ka ce, Mushe?" kuma a lokacin injin a kashe yake. Ya ce da dare kunnensa yana ƙugi kamar injin bai tsaya ba. Ni ina bayan katanga ina kuka da ƙara, shi yana cikinta tun asuba, kuma da yake ba ta ba shi haushi bai san tana cin jinsa ba. Na ba shi toshin kunne, na roƙi Alhaji ya riƙa saya masa. Jin da ƙara ta lalata ba ya dawowa.

Maganar lasifikar biki ita ce ban ci nasara sosai ba. Mun je wajen mai unguwa tare da liman da wasu dattawa, aka yi shawara a riƙa kashe kiɗa ƙarfe goma sha biyu. Wasu suna kiyayewa, wasu ba sa yi. Wani ango ma ya aiko mini cewa in shiru nake so in koma daji. Ban riƙe shi a rai ba, yaro ne, kuma yana ganin ranarsa ce. Amma a wannan daren da aka yi shawarar, wata tsohuwa da wani mai jinyar matarsa sun zo sun yi mini godiya a ɓoye. Ashe ba ni kaɗai ba ne a unguwar, kowa yana tsoron a ce ba ya son farin cikin maƙwabci.

A makaranta kuwa na gano cewa babbar ƙarar ajina ni ne. Ni ke buga sanda a tebur, ni ke ihun a yi shiru, kuma duk sanda na ɗaga murya yara ma ɗagawa suke yi. Na ajiye sandar. Muka yi yarjejeniya da yara cewa in na ɗaga hannu, duk wanda ya gani ya ɗaga nasa ya rufe baki. Makon farko dariya suka yi ta yi, kafin wata guda abin ya zauna. Na sa minti goma na karatu a zuci bayan hutu. Na daidaita da madam ta ajin CI, lokacin da 'yanta ke maimaitawa da ƙarfi nawa suna kwafe rubutu. Da aka zo sake kafa ajin zana bayan kaka, na roƙi darakta aka matsar da shi can gefen fili, kuma hakan bai ci ko dala ba. Amfanin ba nawa kaɗai ba ne. A birnin New York, a 1975, Arline Bronzaft da abokin aikinta sun samu cewa a wata makaranta da ke kusa da layin dogo, yaran azuzuwan da ke ɓangaren jirgi sun kasance baya a karatu, 'yan aji shida da kusan shekara guda, kuma da aka rage ƙarar bambancin ya gushe.

Kirana ga 'yan uwana malamai shi ne, in ka ga kana dawowa gida da ciwon kai kullum, muryarka a dishe, kana yi wa iyalinka faɗa kan abin da bai kai ba, kada ka tsaya ga cewa aikin ne haka. Ka je a auna jininka, ka lissafa awannin barcinka, ka kuma tambayi kanka abin da ke cin ranka. Ga daraktoci, in malami ya ce hayaniya tana damunsa, a saurare shi. Sauya masa aji ko matsar da rumfa ya fi sauƙi a kan rasa shi wata uku yana jinya. Ga iyaye kuma, in a gidanku akwai wanda ke gudun taro, ko matar da ke dafe kai in an kunna talabijin, ko yaron da ke toshe kunne a wurin biki, ku bar ce masa za ka saba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ku tambaye shi me yake ji, ku ba shi wani lokaci da wani lungu na shiru. In za ku yi biki, ku tuna a bayan katanga akwai mara lafiya da mai jego da ɗalibin da zai tashi da asuba, kuma haƙƙin maƙwabci abu ne da dukanmu aka koya mana tun muna makarantar allo.

A gida na tara yarana na gaya musu gaskiya. Na ce in na dawo daga makaranta kaina ciwo yake yi, ba don sun yi laifi ba, kuma ina roƙon su ba ni rabin awa in kwanta, bayan nan ni nasu ne. Babbansu ya zama mai gadin rabin awar, har yana korar kaji. Ita kuwa ƙaramar ta ɗauki lokaci. Na samo mata wani gwangwanin na ajiye a ƙofar ɗaki, ya kwana uku ba ta taɓa shi ba. Yanzu bayan la'asar takan ɗauko shi ta zauna nesa kaɗan, ta dube ni, in na gyaɗa kai sai ta fara. Har gobe kiɗan yana shiga mini har ƙashi, amma minti goma ne, kuma na huta kafin nan, don haka ina iya tafa mata. Awon da aka yi mini na ƙarshe 13 bisa 8 ne, kuma jiya da na tsayar da babur ita ce ta fara fitowa ta karɓi jakata.

Allah ya ba mu lafiya da zaman lafiya, ya sa mu zama masu sauƙaƙa wa juna.